Yarinyar da Ban San Sunanta Ba

Na saci yara a tashar jirgin ƙasa ta Minna. An kama ni, an ɗaure ni.

Da can dako nake yi a tashar. Ban yi makaranta ba. Na fara da ɗauke ƙullin fasinja idan ya juya baya. Daga nan wata mata, Hajiya muke ce mata, ta ce ita ba kaya take so ba, yara take so, masu aikatau a Legas. Ban tambayi abin da ake yi da su a can ba.

Aikin ba wuya. Idan jirgi ya tsaya ana turereniya, ba a rasa yaron da zai saki hannun uwarsa. Sai in saya masa ƙosai, in ce zan kai shi wurinta. Yaro na cin abu a gefenka, kowa zai ɗauka naka ne. Wanda ya tambayi sunansa, sai in sunkuyar da kai in ce, "Ɗan fari ne, ba na faɗa." A yi dariya, a yaba kunyata, a wuce.

Ta ƙarshe yarinya ce. Muka shiga jirgi, muka zauna gaban wata tsohuwa mai doya. Ta dube ni, ta dubi ƙafar yarinyar, takalmi ɗaya.

"Malam, yaya sunan 'yar taka?"

Na ce 'yar fari ce. Ba ta yi dariya ba.

"Ni ba surukarka ba ce. Raɗa min a kunne."

Na ce Amina.

Ta jawo yarinyar jikinta, ta tambaye ta.

"Rifkatu."

"Wannan babanki ne?"

"A'a, Kaka. Ƙosai ya saya min."

Tsohuwa ta cafke rigata ta kurma ihu. Jirgi bai riga ya tashi ba. Uwar tana waje tana bin tagogi da kuka. Na sha duka kafin 'yan sanda su ƙwace ni.

A kotu alƙali ya ce in faɗi sunayen sauran yaran, ko a neme su. Ban san ko ɗaya ba. Hajiya kuma ta ɓace. Rashin sanin sunayen nan ya fi kurkukun ci mini rai.

Na fito, na tuba. Samari, kada ku taɓa kayan wani, komai ƙanƙantarsa. Idan kun ga babba da yaro a tasha, zuciyarku ba ta kwanta ba, ku bar babban, ku tambayi yaron.

Yanzu ina unguwar Kpakungu a Minna, ina facin taya. Maƙwabta ba sa barin 'ya'yansu su zo rumfata. Daidai suka yi.