Inna Sallama, Mai Tsaron Lambar Zare

Kullum da safe takan rataye jakarta a ƙusa, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta tun kafin ta gaisa da kowa. A ofishinmu na masu rubuta manhaja Inna Sallama ake ce mata, sunan kuwa aikinta ne ya jawo shi.

A can cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, aiki yakan rabu ƙanana-ƙanana, kowanne ana kiransa zare. Da an haifi zare, cibiyar za ta ba shi lamba, ta riƙe inda aka ajiye ta. Idan ya gama, sai ta share lambar, ta tashi duk wanda ke jiransa. In ba a yi wannan sallama ba, mai jira ya dinga jira ke nan. Wannan ɗan lungu Inna ta tsare tun gashinta yana baƙi.

"Kowa wajen haihuwa yake so," takan ce, "ni aka bar wa sanar da rasuwa."

Dogo, wanda teburinsa ke kallon nata, shaida ne. Wata shekara na'urar hoton ƙirji ta wani asibiti ta riƙa sandarewa, marasa lafiya jere a benci. Inna ta gano cewa zaren da ya mutu yana tsakar aiki ba a share lambarsa. Ta gyara, amma ta hana a aika wa asibitin gyaran. Ta wuni tana kashe zaruruwa da gangan, tana duba ko an tashi masu jiransu.

"Haba Inna, ai ya gyaru!" in ji Dogo.

"Kai dai tsawo aka ba ka, ba haƙuri ba. Wanda ya tafi lafiya kowa ya iya sallamarsa. Na bazata nake ji."

Bana idanunta suka gaji, ta ajiye aiki. Da aka tambayi wa zai karɓi lungun, kowa ya sunkuyar da kai, don aiki ne da ba a tunawa da mai shi sai ya lalace. Dogo ma sashen da ake yayi ke zawarcinsa. Amma sau nawa ya ɗago kai zai ce "Inna, duba min," sai ya ga bango.

Ya je gaishe ta, ya same ta a tsakar gida tana shan hantsi.

"Ba zan roƙe ka ka karɓi lungun ba, ɗan nan," ta ce. "Kewar zaruruwan dai nake yi."

Inna, ke ce mai raka baƙo har bakin ƙofa. Dubban mutane sun gama aiki sun tafi gida ba su san hannunki ba. Mun gode, Allah ya ƙara hasken ido. Ku kuma masu tasowa, kada kowa ya ruga inda ake tafa wa mutum.

Washegari Dogo ya kwashe kayansa ya koma teburinta. Kujerar ta yi masa gajarta, gwiwoyinsa na dukan katako. Aka ce a kawo masa wata, ya ce a bar ta.