Yadda Na Aro Idon Inna

Shekara tara ina tuƙa motar wani poroje na dashen itace a Keita, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ni kuwa ba na barin haƙƙina. A raba hula, ina layi. A raba takalmin roba, ina layi. Allurar rigakafi ma sau biyu na miƙa hannu.

Sai aka ce an ƙara mana tabarau kyauta: ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa. Uwa fa? Babu ita. To mu gidanmu kowa garau yake gani, Inna ce kaɗai idonta ya dushe. Ta bar tsince tsakuwa a gero, ta bar zura zare a allura, in na shigo sai na yi magana take sanin ni ne. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Na sami mai kula da ma'aikata na ce ya rubuta ta a matsayin matata. Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce to 'yata. Ya nuna mini ƙofa.

Shi ke nan, na ce sai in aro idonta. Kwana uku ina ɗaga mata ludayi da takalmi a tsakar gida, ina ja da baya, ina koyon inda ganinta yake ƙarewa. Ranar da likitan ido ya zo daga Tawa, na zauna gabansa na zama Inna. Ya nuna manyan baƙaƙe, na ce hazo nake gani. Ya ɗaga yatsu uku, na ce kamar dai akwai mutum a wurin. Gilashin da ya fi juya mini kai, shi na ce ya yi daidai.

Yana cikin rubutu ya tambayi aikina. Na ce direba. Ya ajiye alƙalami ya yi salati.

Takardarsa ta riga ni isa buro, wato ofishinmu. Shugaba ya karɓe makullin mota. Na yi rantsuwa, na karanto masa lambar wata mota da ke can bakin kasuwa, ya ce haddacewa na yi. Aka mai da ni ban ruwan dashe, har da ɗaura mini igiya daga ƙofa zuwa rijiya, wai in riƙa bi kada in faɗa. Wallahi na yi kuka a gindin rijiyar nan.

Da tabarau ya iso na kai wa Inna. Ta sa, ta daɗe tana kallona.

"Ashe ka yi furfura," in ji ta. Ta sauke ido kan taɓon da ke ƙafata. "Ina motar?"

Na ce tana gareji.

"Da can ka fi iya ƙarya, ko ni ce ba na gani?"

Ta jawo faifan gero ta fara tsince tsakuwa.