Bayan Alhaji a Ƙarƙashin Mahauci

"Wallahi gobe zan fara motsa jikin da kika koya min." Abin da Alhajina ke faɗa ke nan, tun kafin azumi.

Yau na biya shagonsa a New Bell, na tarar da shi rub da ciki, Ɗanlami mahauci, ƙato guda, yana tattaka masa baya.

Na ce, "Alhaji! Ina koyar da gashin ƙashi a jami'a, bincikena kan ciwon baya, mijina kuma a ƙarƙashin mahauci? So kake ka gurgunce?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Madam, naki sai wata uku. Nasa nan take nake jin ƙas!"

Na ɗauki hoto.

Jama'a, ku shaida: na ba shi zuwa Juma'a. In bai fara ba, Litinin ɗalibaina za su gan shi a allo, har da hularsa.