Furen Da Yaya Sale Ya Lulluɓe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, wanda mutanen Tsohon Birnin Gwari suka fi sani da Sale Mai Rumfa. Ni ce ƙanwarsa Ladi, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata 'yar kwalba da ya bari.

Yaya manomin taba ne kamar mahaifinmu, ko da yake shi bai taɓa kai ta baki ba. Wadda muka gada ita ce ta dakawa da kanwa a kai kasuwa. Wata rana ya ji a rediyo ana labarin wani tsibiri na talakawa can tsakiyar teku, inda manoma ke neman mafita da noman ganyen tabar nan mai kauri ta masu hali, wadda babu takarda a jikinta, ganye ne ciki da waje. Aka ce ganyen da ake naɗe ta da shi ya fi daraja, kuma ba ya kyau sai a inuwa da laima. Yaya ya ce in dai zafi ne da ruwan sama da talauci, ai mu ma Allah bai hana mu ba.

Malam Bitrus, wani malamin gona ɗan kudancin Kaduna da ya yi ritaya a garinmu, shi ya samo masa irin, ko cikin cokali bai kai ba. Yaya ya kafa rumfar zana a kan kunyoyinsa a bakin daji, ta wajen Kamuku. Masu wucewa suna cewa, "Sale, taba kake nomawa ko amarya kake ɓoyewa?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure zanarsa.

Manomin taba yakan tsinke kan shuka kafin ta yi fure, don ƙarfin ya koma ganye. 'Yan kaɗan ake bari don iri. Mu mata kuwa mun san amfanin furen taba: a goga a haƙori, a bi da goro, ya yi ja. A shekara ta biyu, ana gobe bikin wata ƙawata, na kai masa abinci gona ban same shi ba. Na ga shuka biyar sun yi fure, kowacce an lulluɓe kanta da yankin tsohon gidan sauro. Na kwance huɗu, na tsinke su tas.

Washegari ya tare ni a zaure, na ci ado. Ya dube ni ya ce, "Ladi, haƙoranki sun yi kyau. Amma kin cinye mini gonar baɗi." Bai ɗaga murya ba. Daga baya na gane lulluɓin don kada irin ya gauraya da tabar gida ne. Duk irin da ya rage mana, daga shuka ɗayar nan da na bari ya fito.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Yaya bai taɓa sayar da ganye ko ɗaya a matsayin da ya yi buri ba. Shekara huɗu ganyen yana yagewa ko ya yi tabo, a ƙarshe a daka shi da kanwa kamar na kowa. A ta biyar ne ya ɗauko wani da ya bushe a inuwa, ya ja shi a kan ɗan yatsana. Ya miƙe kamar fata, bai yage ba. Malam Bitrus ya cire tabarau ya ce, "Sale, ka kusa." A lokacin kuwa daji ya riga ya ɓaci. Ganye in an tula shi don ya nuna, dole a riƙa juya shi, in ba haka ba zafi ya ruɓar da shi. Juyawar nan ya tafi yi 'yan bindiga suka same shi. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Muka bar gonar, muka dawo cikin gari. Shekara huɗu kwalbar irin tana ƙasan akwatina, na kasa buɗe ta. Sai da Malam Bitrus ya zo gaishe ni ya ce, "'Yata, iri ba ya jiran mai makoki. In ba a sabunta shi ba, mutuwa yake yi a cikin kwalba." Na gauraya shi da toka kamar yadda Yaya ke yi, na yayyafa a fasasshiyar tukunya. Irin da da zai cika gona, tara suka tsiro. Uku suka rayu.

Tun daga nan kowace damina ina shuka shi a bayan ɗakina, ƙarƙashin zana guda. Bara maƙwabciyata Hajara ta leƙo ta katanga ta ce, "Haba Ladi, fure ɗaya tal, gobe suna ne fa. Rowar har ta kai nan?" Na ce, "Hajara, ga goro ki ƙara. Ni na taɓa cin gonar wani, ba na ƙarawa."

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Har yanzu ba mu san mai saye ba. Hanya ba ta da kyau, ganyen kuma yana son a jira shi fiye da shekara, a wurin da mutum ba ya da tabbacin gobe. Malamai da likitoci suna faɗar illar taba, ban kuma musa musu ba. Amma na san zai ce ba a fafe gora ranar tafiya. In ranar komawa gona ta zo babu iri a hannu, maganar ta ƙare ke nan tun kafin a san ko za ta yiwu.

Bana wasu sun fara leƙa gonakinsu. Na raba irin biyu, na ba Malam Bitrus rabi don kada ya zauna a hannu ɗaya. In Allah ya kai mu baɗi lafiya, ni da mijina za mu je mu kafa ginshiƙan rumfar a inda suke a da. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaya bai bar gida ba, bai bar shanu ba, Allah ya jiƙansa. A makon nan shuka uku sun yi fure a bayan ɗakina, na lulluɓe su da hannuna. Haƙorana farare ne tun ranar da ya yi mini maganar nan a zaure, kuma haka za su zauna.