Kaset ɗin da Umma ba ta goge ba

Wata Juma'a ce bayan la'asar, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Umma ta shimfiɗa tabarma a saman benenmu na unguwar Harra ta Gabas a Madina, ta girke rikoda a tsakiya, ta ce kowa ya wanke fuska ya zo, sai ka ce rikodar tana da ido. Alhazan Kano sun kusa tashi, kuma ɗaya daga cikinsu ya yarda zai kai wa Baba kaset. Baba tela ne. Shekara biyu ke nan da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, sabuntawa ta gagara, ya koma Kano, mu kuma muka zauna a Madina ƙarƙashin Kawu, yayan Umma. Waya a lokacin sai an je shago an bi layi, kafin ka gama gaisuwa an katse, don haka kaset shi ne hirarmu ta shekara.

Kaset kuwa yana da ƙa'idarsa: ba a faɗin ciwo, ba a faɗin kewa. Umma kan ja mana kunne, "Kada wanda ya tayar wa Babanku hankali, yana nesa, ba abin da zai iya yi." Sai kowa ya zuba lafiya lau da alhamdulillahi. Ni, Hadiza sarkin surutu, nakan ba shi labarin yadda nake tsinke wa Umma na'ana'a, da cire ƙwallon dabino, da kai wa alhazai kwanukan tuwo a masaukinsu, da yadda baƙin dutsen unguwarmu ya cinye mini takalma wajen wasan ɓuya. Baba ma haka yake aiko nasa, gaisuwa tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai a rediyo.

Yaya Habibu shi ne babba, yana da shekara goma sha bakwai, kuma shi da abokansa rap ya ɗauke musu hankali. Daga Jidda ake kawo musu waƙoƙin baƙar fatar Amurka, su taru a bayan shagon unguwa suna kwaikwayo da Larabci, kowa yana cika baki shi ne zakin Harra, alhali in Umma ta ɗaga murya Yaya har ɓarin shayi yake. Amma akwai wata waƙa guda da yake ta maimaitawa, wadda mawaƙin bai yi fankama ba, murya a karye yake magana da mahaifinsa. Turancin Yaya bai taka kara ya karya ba, amma ya ce mini ya gane komai. Ya ɗauke ni makaɗiya, ina buga masa jarkar ruwa, ladana alewa.

Da aka zo kansa ran nan, sai ya ƙyafta mini ido. Na jawo jarka na fara bugu, ina zaton wasa za mu yi wa Baba. Ashe ba wasa ba ne. Yaya da ko aike aka yi masa da Hausa da Larabci yake amsawa, sai ga shi yana jero Hausa, tana karkacewa yana tallabo ta da Larabci. Ya ce shi ke ɗaukar tukunyar gas yanzu, kowa na cewa ya zama namiji, shi kuwa tsoro yake ji. Ya ce ranar Sallah ya tsaya a sahu a Harami yana leƙen gefensa, inda Baba ya saba tsayawa. Ya ce yakan buɗe keken ɗinkin da aka lulluɓe ya shinshina man, don shi ne warin Baba. Wallahi ban daina bugun ba.

Umma ta danna rikoda ta kashe. Kawu ya ce halas, ya isa haka, a mayar baya a goge, namiji ba ya aika wa ubansa kuka. Yaya ya sunkuyar da kai, ni kuma na ji haushin Kawu har wuya, don na san in aka goge, Yaya ba zai ƙara buɗe baki ba. Umma ta daɗe da yatsa a kan maɓallin. Can sai ta zare kaset ɗin, ta naɗe shi a ɗankwali, ta ce wa Kawu, "Yaya, bar shi ya tafi haka. Ɗansa ne."

Sai da masu Umarar azumi suka zo muka samu amsa. Baba ya gaida kowa da sunansa kamar kullum, ya yi mini tsiyar takalma. Sai muka ji ya yi gyaran murya, ya ce, "Habibu, na ji waƙarka. Ni ma ranar Sallah gefena nake dubawa." Umma ta ja mayafi ta rufe fuska, Kawu ya tashi wai zai duba tankin ruwa.

Abokan Yaya sun yi masa dariya da farko, suna kiransa mai hawaye. Ba a jima ba ɗayansu ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu waƙa, wani ya yi a kan ƙaninsa da aka mayar Nijar, ƙannensu suka taso suka tarar haka ake yi. Yau Yaya direban motar alhazai ne, da furfura da tumbi, ya manta rabonsa da waƙa, amma samarin da ke haɗa rap a waya daga unguwar Jurf har Bani Harisa sukan turo masa nasu ya saurara, suna ce masa ustaz. Ɗana ma yana cikinsu, yana faɗin damuwarsa a waƙa ba kunya ba tsoro, bai san an taɓa kai yatsa za a goge irinta ba. Yanzu kullum muna ganin Baba a waya, tsoho tukuf, kuma in ƙafa na damunsa yakan faɗa mana. Ina kewar saman benen nan, amma na fi son gidan da ake faɗin ciwo.