Tayar da Sabo Ya Ƙi Taɓawa

Masu karatu, wallahi abin nan a kaina ya faru, ba ji na yi ba, a Guangzhou, shekarun da 'yan kasuwarmu suka fara gano hanyar China, kafin shekarar dubu biyu. Ni bakanike ne a Kano, ban taɓa hawa jirgi ba sai da Sabo, abokina tun muna yara, ya aiko min da tikiti daga can wai in zo in duba masa wata mota kafin a ɗora ta a jirgin ruwa. Har kuka na yi don murna, ina cewa Sabo bai manta da ni ba.

Motar doguwa ce, irin mai ɗaki a ciki, ga gado ga wurin girki, tana ajiye a wani fili a unguwar Liwan. Irin waɗannan manyan, cibiyar tayarsu ta gaba tana da ɗan gilashi kamar bakin kofi, ta nan kake ganin man giyar da boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ke wanka a ciki. Sai ka cire robar tsakiya, ka zuba a hankali, ka jira ya ratsa, ka ƙara har ya kai layi. Ta hagu lafiya lau. Ta dama kuwa kullum a bushe, in na cika ta da safe, kafin azahar babu ɗigo, kuma na shiga ƙarƙashi na shafa ko'ina ban ga yoyo ba. A gindinta akwai lemo da guntayen turaren tsinke, na ɗauka al'adarsu ce kawai, tunda haka suke yi a ƙofar shaguna. Tsoho mai gadin filin in ya gan ni da galan ɗin mai sai ya riƙa girgiza kai yana min yare. Sabo ya ce in rabu da shi, ya rikice ne. Shi kuma daga nesa yake tsayawa, hannu a aljihu, ko galan bai taɓa miƙo min ba.

Wata rana da tsakar rana ina zubawa sai na ji man yana wucewa ƙwat, ƙwat, kamar mutum na haɗiyar koko. Na sunkuya na leƙa. Wallahi tallahi yatsa na gani, daga ciki, ya dafa gilashin yana goge shi kamar mai son ya ga waye a waje. Wurin da ko ɓera ba zai shiga ba. Na yi salati na ja baya, amma hannuna na dama ya riga ya yi sanyi har gwiwar hannu.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla a Masallacin Huaisheng, wani Malam Isufu, mutumin Maraɗi da ya yi tafinta a cinikin motar, ya ga ina gaisawa da hagu. Da na ba shi labari sai fuskarsa ta canja, ya ce, "Sabo bai gaya maka ba? A gabana wanda ya sayar masa da motar ya ce tayar nan ta taɓa taka mutum, kuma duk bakaniken da ya zuba mata mai hannunsa shanyewa yake yi. Shi ya sa 'yan garin suka ƙi aikin."

Na sami Sabo a masaukinmu na unguwar Dengfeng yana cin shinkafa. Ko musu bai yi ba. Cewa ya yi, "Haba abokina, ai kai mai yawan addu'a ne, na ga ba abin da zai same ka."

Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Nan take na haɗa jakata da hannu ɗaya.

Har yau yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa, likitoci sun duba sun ce ba su ga komai ba, kuma in damina ta kama sai matata ta ce hannun warin man giya yake, alhali tun lokacin ban sake riƙe sifana ba. Ban san abin da ke cikin tayar nan ba, ban kuma san ƙasar da motar ta ƙare ba. Shawarata dai, in wani ya ba ku aiki kuka ga ya ja baya ya zuba hannu a aljihu, ku ajiye galan ku tambaye shi dalili, ko da uwa ɗaya ta haife ku.