Ranar da Baba Ya Tafi Bunguɗu

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar bagaruwa sai raina ya ɓaci. Warin gidanmu ke nan a Gusau, shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgi.

Babana ɗan Tsafe ne. An kama shi yana yaro aka sayar, ya ƙare a hannun 'yan mishan can kudu, ya dawo da Littafi da Innata. Mu kaɗai ne Kirista a unguwar. Aikinsa wankin gyambo. Da hantsi leburori za su jeru a zaurenmu, ƙudaje na bin su, shi kuwa ya durƙusa ya wanke da ruwan bagaruwa, ya ɗaure da tsumma, ya yi musu addu'a ko suna so ko ba sa so. Yakan ce ba ƙafar yake nema ba, ran mai ƙafar yake nema, kuma za a tambaye shi duk ran da ya bari ya ɓata. Su miƙa ƙafa, su yi godiya, amma ko ruwan randarmu ba sa sha.

Daminar da Inna ta yi ɓari, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Ran na biyar wani ya zo da jaki daga Bunguɗu, wai wani lebura da Baba ke karanta wa Littafi yana gargara, yana kiransa. Inna ta kama gefen rigarsa. Ban taɓa jin ta roƙe shi komai ba sai ranar.

Ta ce, "Malam, ni ma rai gare ni."

Ya ce, "Naki na hannun Ubangiji tuntuni. Nasa ne ban sani ba."

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya hau jaki. Shekarata tara.

Washegari da la'asar Inna ta cika, kanta bisa cinyata. Matan maƙwabta suka yi cirko-cirko a bakin ɗaki, kowacce na tambayar 'yar'uwarta ko ya halatta su wanke ta. Wata tsohuwa mai fura ce ta ture su, ta ce ai mace ce, a ba ta ruwa. Ita ke wanki, ni ke zubawa. Allah ya jiƙan tsohuwar nan.

Baba ya dawo rana ta uku yana fara'a tun daga ƙofa, wai leburan ya farfaɗo, har ya sha kunu. Sai ya ga tabarmar Inna a naɗe.

Yanzu akwai coci mai rufin kwano a Gusau, na tsufa a cikinta. Duk shekara sai fasto ya ba yara labarin bawan Allah da ya bar gidansa saboda rai ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambayata wa ya bari a gidan. Na yafe masa, tunda an ce mu yafe. Amma in an zo wurin nan jama'a suka ce amin, ni bakina a rufe yake.